Damina Biyun da Na Cinye wa Isiyaku

Limawa, Dutse.

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma roƙon Allah ya sa ki buɗe wannan takarda kina zaune lafiya a masaukinki. Allah ya raba ki da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba. Ni na ce wa mahaifiyarki ta cusa miki ita a ƙarƙashin kayanki, don na san in na zaunar da ke zan faɗa da baki, kunya ba za ta bar ni in kai ƙarshe ba. Ke ma na san halinki, tun ban rufe baki ba za ki fara jero mini tambayoyinku na lauyoyi.

Ranar da kika shigo da takardar ɗaukar aiki kina murna an sa ki gabatar da ƙara a ƙananan kotuna, na yi dariya na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma kina fita sai dariyar ta ƙare. Ke da digiri da baƙar riga za ki shiga, ni da kakin ɗan sanda da littafin doka guda mai yagaggen bango na yi nawa, amma kujerar ɗaya ce. A kan wannan kujera na bar wani bawan Allah a tsare har damina biyu ba tare da ya yi laifin komai ba. Ba mugunta ce ta sa ni ba, kuma ba wanda ya ba ni ko goro. Sunansa Isiyaku, kuma labarinsa nake so ki tafi da shi.

Lokacin da aka ba mu jiha aka ce Dutse ce hedikwata, kina goye a bayan mahaifiyarki. Garin nan da kike gani yanzu da fitilu da adaidaita ta ko'ina, a lokacin in ka hau kan dutse sai ka ƙirga gidajen kwano, sauran duk dabino ne da gonaki. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a wani gidan haya. Tebur ɗaya, mu biyu: ni da Madam Rahila, wadda ke buga mana takardu a tafireta. Kirista ce daga can wajen Filato, aiki ya kawo su ita da mijinta. Kujerarta ce mai ƙafa huɗu, tawa ƙafa uku da bulo. Rufin yana yoyo daidai kan teburin, saboda haka da hadari ya haɗo sai in kama gefe ta kama gefe mu ja shi lungu. Takardar kaban ta yin kwafi kuwa sai mun yi ta amfani da ita har in ka ɗaga kana hango rana ta cikinta. Duk da haka, Ummi, ban taɓa jin daɗin aiki irin na shekarun nan ba. Da Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa da kaza, da Babbar Sallah cinya guda tata ce. Muna jin kamar da hannunmu muke gina jihar nan, kuma har yau in na bi ta gaban gidan sai na rage tafiya.

Kuskurena na farko girman kai ne, ko da yake a lokacin sunan da na ba shi ƙwazo. Mu biyu ne masu gabatar da ƙara, sai aka yi wa abokin aikina canjin wuri ba a turo wani ba. Shugabanmu ya kira ni ya ce, “Haruna, za ka iya riƙe kotu uku kafin a samo mutum? Biyu a nan, ɗaya a hanyar Kiyawa.” Na ƙame na sara masa na ce ko huɗu ne zan iya. Wannan “kafin a samo mutum” ita ta kai ni shekaru. Ba mu da kabad, sai na samo jakunkuna uku irin na 'yan kasuwa, kowace kotu da tata, in ɗaure ta ranar a bayan babur in kama hanya. Sau da yawa a bakin ƙofar kotu nake fara buɗe fayil, ina karantawa magatakarda yana kiran sunan mai shi. Ina ta jin daɗi ana cewa Sufeto Haruna namiji ne. To taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. In an ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki, ki faɗa tun ranar farko, ki rubuta a takarda ki kai, in an yi shiru ki sake rubutawa. Za a ce kin cika ƙorafi. Ki bari a ce, don nauyin da kika ɗauka kika kasa ba a kanki yake faɗowa ba, a kan wanda ke tsare yake faɗowa.

Ana cikin haka aka kawo Isiyaku gaban alƙali a nan Dutse, ana gab da faɗuwar damina. Manomi ne daga wani ƙauye tsakaninmu da Kiyawa, dogo, mai sanyin magana. Wani ɗan kasuwa mazaunin Dutse ne ya kai ƙararsa, wai ya kwance masa maraƙi daga turke. Takardar mai bincike layi kaɗan ce: an sami maraƙin a gidansa, kuma ya amsa shi ya kwance shi. Na karanta tuhuma. Alƙali ya ce, “Ka ji abin da ake tuhumarka da shi?”

Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, na ji. Ni na kwance shi, amma nawa ne.”

Na yi murmushi a raina, don ɓarawo nawa na ji ya faɗi haka. Alƙali ya juyo gare ni a kan maganar beli, ni kuwa na miƙe na ce ina suka. Kin san me ya sa? Tun ina sabon shiga wani tsohon saje ya gaya mini cewa mai gabatar da ƙara in bai soki beli ba, kafin azahar gari ya ɗauka an ba shi wani abu. Ni kuma ba abin da nake tsoro irin a ce Haruna ya ci. Saboda haka kowane beli suka nake yi, ko na san dalili ko ban sani ba. Na wanke sunana tas, Isiyaku kuwa aka wuce da shi gidan yari ranar da ya kamata ya kai taki gona. Ki kiyayi cin hanci, wannan ba sai na gaya wa 'yar gidana ba. Amma ki kiyayi irin tsoron da ke sa mutum ya zalunci wani don kada a zarge shi. In ba ki da dalilin da za ki iya faɗa da babbar murya na hana mutum komawa gidansa, ki zauna ki yi shiru.

Sai maganar maraƙin kansa. Ba mu da inda ake ajiye kayan shaida, balle mai rai. Kwana biyu yana ɗaure a gindin darbejiyar bayan ofis yana kuka, Madam Rahila tana ba shi ɓawon ayaba. Da na gaji sai na sa mai ƙara ya sa hannu ya tafi da shi, a kan zai kawo shi duk ranar da kotu ta nema. Na ga kamar na yi dabara. Ashe mutumin abin da ya kawo shi ke nan. Tunda ya sami maraƙi bai sake taka kotu ba, ni kuma ban aika an kira shi ba. Mai binciken ma aka mai da shi wata ƙaramar hukuma mai nisa. Duk abin da za ki miƙa wa ɓangare ɗaya tun ba a yanke hukunci ba, ki tambayi kanki: in ya karɓa, me zai sake dawo da shi?

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na gaba. Ranar zama na biyu na zazzage jakar kotun ban ga fayil ɗin Isiyaku ba. Maimakon in ce, “Allah ya gafarta Malam, fayil ya ɓace mini,” sai na ce bincike bai kammala ba, ina roƙon a ɗage. Aka ɗage. Wata ya zagayo na sake faɗa, aka sake ɗagewa. Kalmar nan tana da daɗin fita, Ummi, ba ta ɗaukar numfashi biyu, kuma kowa a ɗakin yana jin daɗinta: alƙali yana da ƙararraki jibge, magatakarda yana son ya tashi, ni ina da wata kotun tana jira. Wani lokacin motar gidan yari ba ta da lafiya, ba a ma kawo shi, sai a ɗage shari'ar mutum babu mutumin. Ranar da aka kawo shi kuwa nakan kafa idona a takarda. Duk wata sai in ce ranar Asabar zan zazzage jakunkunan nan uku in nemo shi. Asabar ta zo, ga biki, ga ta'aziyya, ga gajiya. Damina ta wuce, kaka ta wuce, wata daminar ta sake kamawa.

A kan wannan abu biyu nake roƙonki. In takarda ta ɓace a hannunki, ki faɗa a ranar, ki sha faɗan shugabanki, faɗa ba ya tsire wa mutum a jiki. Na biyu, kada ki taɓa neman a ɗage shari'a sai kin ɗaga kai kin dubi fuskar wanda ake tuhuma. Ki dube shi, ki lissafa a ranki cewa wata guda kike nema daga cikin rayuwarsa. In bayan haka kin ga dole ne, to ki nema.

A cikin wannan damina ta biyu aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Kina firamare, ban sani ba ko kina tuna irin cikar da garin nan ya yi. Ni kaina na yi kabbara har muryata ta dushe. Aka sauya allunan ƙofar kotuna, aka yi musu sabon fenti, amma da ka shiga ciki bencinan nan ne dai, mai gabatar da ƙara ɗaya ne dai, da jakunkunansa uku. Sai zance ya bazu har cikin gidan yari cewa duk wanda ke tsare a kan sata hannunsa za a yanke. Ni na san sabuwar doka ba ta komawa baya ta kama abin da ya faru kafin ta, amma wa ya je ya gaya wa manomin da ke tsare?

Wata ranar Laraba na dawo daga Kiyawa na tarar da wata mata zaune a ƙasa bakin ƙofar ofis, ta lulluɓe da tsohon zane. Hajara ce, matar Isiyaku. Da ƙafa ta taho. Ta durƙusa ta ce, “Ranka ya daɗe, an ce mini kai ne mai karanta laifi. Na je duba shi, ya daina cin abinci, sai ya zauna yana kallon hannunsa. Ni ba roƙon a sake shi na zo ba. In yankewa za a yi, a taimaka a yanke na hagu, da na dama yake riƙe fartanya.”

Sai na yi abin da na saba, na ce ta je ana kan bincike.

Madam Rahila tana ji. A kwanakin tana haɗa kayanta, don 'yan uwansu sun tsorata da abin da suke ji daga nesa, sun matsa musu su nemi canji su koma gida. Ta bari matar ta fita, sannan ta tura ƙofa ta ce, “Oga, wane bincike?”

Na ce, “Madam, ki bar maganar nan.”

Ta ce, “Ba zan bari ba. Ni nake buga jerin ƙararraki. Sunan mutumin nan yatsuna sun haddace shi, ko idona a rufe zan buga. Oga, shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin ka karɓi na wani ba, amma wannan da ka riƙe ya fi kuɗi. Jibi zan tafi. Kawo jakunkunan.”

A tsakar ɗakin ta zazzage su duka uku, ta zauna dirshan a siminti da atamfarta mai kyau. Ba a yi rabin awa ba ta zaro fayil ɗin Isiyaku daga jakar Kiyawa, ya maƙale a cikin fayil ɗin wata rigimar iyakar gona. Duk tsawon lokacin nan yana ɗaure a bayan babur ɗina, muna zuwa muna dawowa tare. Ta miƙo mini. Ki girmama masu buga takardu da masinjoji da magatakarda, Ummi. Sun fi ki sanin inda aiki yake ruɓewa, kuma ba kowa ne zai yi ƙarfin halin rufe ƙofa ya gaya miki ba. Ranar da suka tafi ni na kai ta tasha, na kasa yi mata godiya yadda ya kamata, kuma ban sake ganinta ba.

Ranar Asabar na hau babur na tafi ƙauyen, abin da ya kamata in yi tun makon farko. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Na tarar da dagaci a ƙofar gida ana yi masa aski. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ɗaga wa wanzamin hannu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Sai yau, Yallaɓai?”

Ya ce mahaifin ɗan kasuwar nan ne ya ba Isiyaku kiwon saniya shekaru da dama. Al'adarsu a can, haihuwar farko da ta biyu na mai saniya ne, ta uku ta mai kiwo ce, ladan wahalarsa. Ba a rubutawa, kowa ya sani. Da tsohon ya rasu sai ɗan ya zo daga birni ya kore dabbobin duka, har da maraƙin na uku. Isiyaku ya bi shi ya yi magana bai saurare shi ba, shi ne ya je da rana tsaka, a gaban mutane, ya kwance abinsa ya ja.

Na ce, “Ranka ya daɗe, me ya hana ku zuwa ku faɗa?”

Ya ce, “Wa ya kira mu? Mu mutanen ƙauye in ba a kira mu kotu ba, ba ma zuwa, kada mu je ba da shaida a riƙe mu. Mun yi ta jira a aiko. Mahaifiyarsa ma ta yi ta jira, har watan jiya da muka kai ta makwancinta.”

Ya sa aka nuna mini gonar Isiyaku. Gonakin maƙwabta gero ya kai kafaɗa, tasa kuwa ciyawa ce da tumfafiya. Na tsaya a bakinta na yi kuka, ni da kaki, ban damu da wanda ke kallo ba. Gani ya kori ji, Ummi. Takarda ba ta san al'adar gari ba. Kafin ki kira mutum ɓarawo a gaban jama'a, ki taka ki je inda abin ya faru, ko ki sa a kira wanda ya san wurin.

Ranar Litinin na sami shugabanmu na ce masa sabon bayani ya fito. Ban ce masa fayil ya shekara a jakata ba, kin ga ko a nan ma ban cika gaskiyar ba. Aka kira dagaci, aka sa ɗan kasuwa ya kawo maraƙi. Da aka jawo shi harabar kotu sai ga bijimi da tozo. Alƙali ya leƙo ta taga ya dubi takarda ya dubi dabbar ya ce, “Sufeto, wannan ne maraƙin naka?” Mutane suka yi dariya, ni ban iya ba. Na miƙe na janye tuhuma. Alƙali ya ce wa Isiyaku an sallame shi, ya ja bijiminsa ya tafi gida. Bai motsa ba. Ya rame har rigar ta yi masa yawa. Ya juyo wajena, don ya saba daga bakina ranar take fitowa, ya ce, “Yallaɓai, yaushe zan dawo?”

Kin san shi, Ummi, ko da yake ba da wannan sunan ba. Shi ne Baba na Ƙauye, mai kawo mana zabi da damin gero duk kaka, wanda kuke rige-rigen karɓar sandarsa kuna yara. Dagaci ya gaya masa Sufeto ya zo da kansa har ƙauye ya binciko gaskiya, shi ke nan ya riƙe ni a matsayin wanda ya cece shi. Ɗansa na ƙarshe sunana ya sa masa. Duk shekara yakan zauna a zauren nan ya yi ta sa mini albarka, ni kuma in ce ba komai, yi wa kai ne. Bai san ni na hana shi beli ba tare da dalili ba, bai san takardarsa tana bayana ba lokacin da mahaifiyarsa ke tambayarsa. Mahaifiyarki ma sai daren jiya ta ji. Shekara da shekaru ina karɓar zabin nan muna ci, ina cewa baɗi zan gaya masa.

Bana bai zo ba, ɗansa ya aiko. An ce ƙafa ta hana shi fita, kuma jikin ya yi nauyi. Na duba na ga ba zan iya tura ki kan wannan kujera da wa'azi a hannu ba alhali ni ban sauke nawa ba. Laifi tudu ne, na daɗe ina take nawa ina karanta na wasu. Ban san ko zai yafe ba, kuma in bai yafe ba yana da gaskiya.

Allah ya tsare mini ke a zaune da tafe. Allah ya sa ki gama da kowa lafiya, ya kare ki daga haƙƙin wanda ba shi da bakin magana, ya ba ki shugabanni masu jin ƙorafi da abokan aiki masu gaya miki gaskiya. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci a kan lokaci, kada ki bi hanya in magariba ta yi. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Ranar Asabar da hantsi, duk abin da kike yi ki ɗan tsaya ki yi mini addu'a. A lokacin zan kasance a gaban Isiyaku, kuma wannan karon ba zan nemi a ɗage ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haruna.